Inda Baƙin Man Ya Tafi

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Bacirawa lafiya, ka tarar da Kawunka Sabo da iyalinsa lafiya. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya tsare duk wanda zai shiga motar da za a ba ka. Innarka tana gaishe ka. Ita ce ta cusa wannan takarda a ƙasan jakarka, ni na sa ta, don ka karanta bayan ka huta.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Magana ce da na kasa yi maka baki da baki. Ka tuna ranar da muke cin tuwo a zaure, kana ba ƙannenka labarin tsohuwar motar da Kawunka zai ba ka ka yi haya da ita. Ka ce abokanka sun gaya maka tsinkakken baƙin mai, mai ruwa-ruwa, shi ake yayi yanzu, yana sa inji ya saki jiki, ya rage shan fetur. Ka ga na tsame hannuna na fita, ka zaci fushi na yi. Ba fushi ba ne. Wani abu ka taɓo wanda ya girme ka, kuma lokaci ya yi da za ka san shi.

Kafin a haife ka ina da a-kori-kura. Tsohuwa ce tun da na saye ta, ta sha hannun mutane da yawa kafin ta zo nawa. Da ita nake kai mutane da kaya kasuwar Kunci da kasuwannin da ke kewaye. Ka san ƙasarmu, gona na jingine da gona, gida na kallon gida, duk inda ka tsaya sai ka ji dakan wata ko kukan jakin wani. To, a shekarun nan na wahala, da ruwa ya ɗauke gero ya bushe a tsaye, sannan kaya suka yi tsada kamar za a yi hauka, ƙasar nan ta yi shiru. Magidanta sun tafi ci-rani, wasu sun kwashe iyalansu gaba ɗaya. Sai ka ratsa unguwa guda da rana tsaka ba ka ji tarin mutum ba. Ni mai motar haya na fi kowa sanin wannan, domin ni nake kwashe su, kuma ba na dawowa da su.

A lokacin baƙin mai ya yi wuya. Wanda na saba zubawa, mai kauri, wanda idan ka ɗiga a yatsa yake ja kamar zuma, ya ɓace daga shaguna. Lokacin juyen mai ya yi har ya wuce, ina ta lallaɓawa. Wata ranar kasuwa a Kunci, can gefe inda ake ɗaure jakuna, na ga wani mutum zaune da galan-galan a gabansa, babu rubutu a jikin ko ɗaya. Dogo ne, siriri, da farar riga. Abin da na riƙe game da shi har yau shi ne hannunsa. Mai sayar da baƙin mai, amma tafinsa fes, ko ƙarƙashin farce babu baƙi.

Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na ce, "Malam, na mota ne?"

Ya ce, "Na mota ne."

Ya buɗe ɗaya ya zuba mini a murfi. Mai ne garai-garai, sabo, amma yana gudu kamar man gyaɗan da aka ɗora a wuta. Na ce ya yi tsinke da yawa. Sai a nan ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Za ta sha."

Na ɗauka yana nufin motar za ta karɓe shi. Na sayi mai yawa, bai yi ciniki ba, abin da na taya ya karɓa.

Wannan shi ne kuskurena na fari. Idona ya gaya mini man ya bambanta da wanda motar ta saba da shi, yatsana ya gaya mini, amma araha da matsuwa suka rufe mini baki. Ban tambayi wanda ya sani ba. Nasiru, kada ka zuba wa inji abin da ba ka san sunansa ba. Galan ɗin kirki yana da lamba a jiki, lambar tana faɗin kaurinsa. Ka tambayi Kawunka wanne motar ta saba sha, ka tambayi bakaniken da ya saba buɗe ta. Abokanka ba ƙarya suka yi ba, amma maganar sabuwar mota suke yi, kai kuwa tsohuwa za a ba ka.

Da na yi juye da shi, wallahi sai da na yi murna. Da asuba bugu ɗaya take tashi. Muryar injin ta yi laushi, tana hawa tudu ba ta nishi. Bayan 'yan kwanaki na zaro sandar gwajin mai da safe, na ga ya sauka. Na ce ƙila ban cika ba tun farko, na ƙara. Bayan kasuwa biyu ya sake sauka, ya fi na da. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin mota, ƙasa a bushe. Na shimfiɗa tsohon buhu a ƙarƙashinta ya kwana, da safe babu ko ɗigo. Na shafa injin ko'ina da hannu, babu jiƙa. Amma man yana tafiya. Kullum ina zubawa kamar mai ba rijiya ruwa.

Ba za ka gane yadda abin yake a zuciya ba sai ka tsaya a gaban ƙarfe, da safe, gari tsit, ka ga abin da ka zuba da hannunka babu shi, kuma babu hanyar da ya bi. Na fara jin nauyin buɗe bonet. Har na riƙa jin kamar motar tana kallona idan na fito daga gida.

Magana ta bazu. Akwai gajeriyar hanya da nake bi don rage fetur, ta ratsa Unguwar Ɗorawa, wadda a lokacin ta zama kufai, duk mutanenta sun tashi. Tsofaffi suka ce ai ba a ratsa kufai da ƙarfe mai ƙara, wai na tashi aljanun wurin, su ne suke shanye man. Wata tsohuwa ta ƙi shiga motar, ta ce tana jin wani a bayanta alhali ita ce a ƙarshe. Na karɓo rubutu na yayyafa, na yi turare. Man bai daina tafiya ba.

Kuskurena na biyu ke nan. Na duba ƙasa, na duba sama, na duba gaibu, ban zaga bayan motar ba. Ga kuma fitilar nan da ke kunnuwa a gaban direba idan mai ya yi ƙasa, ta mutu tun kafin in sayi motar, ban taɓa gyara ta ba, ina cewa ni idona ya ishe ni. Ka fara duba wannan fitila ranar da aka miƙa maka makulli. Idan ba ta kawo wuta lokacin da ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, kada ka ɗauki fasinja sai an gyara.

Yanzu zan gaya maka game da Malam Tanimu. Ba ka san shi ba, amma ka san matarsa, Goggo Hajara da kake kai wa itace, ka san ƙanensa Baba Audu. Danga ɗaya ta raba gidanmu da nasa, gamba ɗaya ta raba gonarmu. Tare muka yi allo, shi ya raka ni neman auren Innarka. Mutum ne marar yawan magana. Yana da ɗan injin niƙa a rumfa a ƙofar gidansa, da shi yake rufa wa kansa asiri.

Wata rana ina zaune ina jin injinsa yana bugawa, sai wani tunani ya faɗo mini. Mai ya yi wuya a ko'ina, amma injin Tanimu bai taɓa tsayawa ba. Ina yake samu? Na yi a'uziyya, tunanin ya tafi, ya dawo. Da yamma na ɗebo toka a madafa na barbaɗa kewaye da motar. Innarka ta gan ni, ta ce, "Malam, me kake nema?" Na ce ta shiga gida.

Gari na wayewa na fito. Ga sawu a kan tokar. Takalmin taya ne, na dama ya cinye ta gefe, kowa a unguwa ya san takun Tanimu. Sawun ya fito daga wajen gidansa, ya zo bayan motar, ya tsaya wuri ɗaya, har da alamar gwiwa inda ya durƙusa, sannan ya koma. Bai je gaban motar ba ko kaɗan. Na ga wannan da idona, amma ban tsaya na tambayi kaina yadda za a saci man inji ta baya ba. Na riga na sami abin da nake nema.

Bayan azahar, a ƙofar masallaci, mutane suna sa takalma, na ce, "Tanimu, idan mai kake so, ka roƙa. Ba sai ka bi duhu ba."

Mutane suka juyo. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ya ce, "Haruna, zo gefe in gaya maka wata magana."

Na ce, "Faɗe ta a nan."

Ya dubi mutane, ya dube ni, ya ce, "Allah Ya huci zuciyarka." Ya sa takalminsa ya tafi.

Daga ranar na daina amsa sallamarsa. Sau da yawa ya tsaya a bakin danga ya kira sunana, in shige ɗaki. Mata suka fara kai niƙa wata unguwa. Ni kuwa na sayo sarƙa da kwaɗo na ɗaure bonet, na cika mai har wuya, na ce na huta. Abin da ya fi komai muni shi ne daga nan na daina zaro sandar gwaji. Me zan duba? Ai na kama ɓarawo.

Ɗana, zato yana da daɗi a baki domin yana sauke wa mutum wahalar bincike. Za ka zauna da mutane a tasha da gareji, abu zai ɓace, abu zai lalace. Kafin ka ɗora wa mutum, ka gama da ƙarfen tukuna. Idan kuma wanda ka zarga ya ce zo gefe, ka je.

Lokacin yankan ɗan abin da aka samu na dawa, wata rana da hantsi, na ji kururuwa daga gona. Audu ne ya shigo gidanmu a guje, ko sallama babu. Kububuwa ta sari Tanimu a ƙafa yana ɗaga kara. Babu wata mota a unguwar sai tawa. Ban tsaya tunanin komai ba, wannan kam Allah Ya sani. Muka shimfiɗa shi a bayan mota a kan tabarma, Audu ya tallafe kansa, na taka zuwa asibitin Kunci ta gajeriyar hanya.

Na ba ta wuta yadda ban taɓa ba. Muna shiga Unguwar Ɗorawa na ji wata ƙara daga cikin inji, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana sara ƙarfe da guduma. Na san ta, kowane direba ya san ta. Na ce ya Allah, kaɗan ya rage. Na ƙara takawa. Ta yi wani irin nishi, ta shaƙe, tayoyi suka ja ƙasa, ta tsaya cik. Na murɗa makulli, ko motsi. Injin ya buga.

Na sauko, na kasa gane makullin kwaɗon da ni na sa. Da na buɗe, zafi ya buge ni a fuska. Na zaro sandar, a bushe take ƙayau kamar ba a taɓa tsoma ta a komai ba.

Audu ya ce zai ruga unguwa ta gaba ya nemo amalanke ko jaki. Ya tafi, ya bar ni da Tanimu.

Rana tana tsaka. Gidaje a jere hagu da dama, wasu da ƙyaurensu a rufe kamar masu su sun shiga barcin rana. Ga turmi a kife a ƙofar wani gida, ga igiyar shanya babu komai a kai. Babu kaza, babu tsuntsu, ko ganyen ɗorawa ba ya motsi. Ba abin da ake ji sai ƙarfen injin yana ɗan ƙas, ƙas, yana hucewa. Na zaga baya don in hau wurin Tanimu, sai na ga hanyar da muka biyo.

Hayaƙi ne shuɗi, siriri, kwance a kan hanya tun daga inda ido ya ƙare har zuwa ƙafafuna. Da yake babu iska, bai watse ba. Ya tsaya tsakanin gidajen daidai tsayin mutum, yana ɗan lanƙwasa a hankali, kamar jerin mutane da suka biyo mu suka tsaya da muka tsaya. Shekara da shekaru ina gaban motar nan, ban taɓa ganin abin da take bari a baya ba.

Sai na ji muryar Tanimu. Ya ce, "Ka gan shi?"

Na hau na zauna kusa da shi. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, jini yana tsattsafowa daga dasashinsa. Ya ce, "Tun da ka canja mai nake ganinsa. Idan ka tashe ta da safe, da idan ka gangara ka sake takawa. Ba yawa, kai ba za ka gani ba. Ran nan na zo na sa yatsa a salansa, inda hayaƙin ke fita, don in tabbatar kafin in yi magana. Maiƙo ne a ciki. Ba zuba yake ba, Haruna, ƙonewa yake."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa a masallaci?"

Ya ce, "A gaban mutane? Su ce direba bai san motarsa ba, su daina shiga?"

Na cire rigata na yi masa inuwa. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ranar. Ya nemi ruwa, babu, rijiyar wurin ta ƙafe. Daga nan ya daina yi mini magana, ya koma kallon bayana, wajen hanya, yana ɗan gyaɗa kai kamar mai amsa gaisuwar masu wucewa. Ban waiwaya ba. Na yi ta maimaita masa kalmar shahada, yana bi, har ya daina bi. Lokacin da Audu ya iso da amalanken shanu, gida muka juya da shi.

Ban ce da motar ta kai shi da ya rayu ba. Kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma an ba ni abin yi, ban yi ba, wannan kuma nawa ne.

Bayan an share makoki aka jawo motar zuwa garejin Sallau bakanike. Ya sauke injin ya kira ni. Ya nuna mini ringin fistin, duk sun cinye, ya nuna mini robobin bawul sun bushe sun tsattsage. Ya ce tsohon inji ya riga ya saki, akwai rata a ko'ina a cikinsa. Mai kauri yana cike ratar, ya ɗan sha kaɗan, a lallaɓa. Tsinkakke kuwa, musamman idan inji ya yi zafi a irin ranarmu, sai ya sulale ta ratar ya hau inda wuta take, ya ƙone tare da fetur, ya fita ta baya. Ya ce man ba lallai ne ya zama marar kyau ba, a sabon inji da komai yake a matse zai yi aiki lafiya. Ba shi ya cinye ringin ba, tsufa ne, shi dai ya sami ƙofa a buɗe. Ya kuma ce kada in ɗauka mai kauri magani ne, yana rage sha ne kawai, idan ya yi kauri fiye da kima shi ma yana jinkirin zagawa da sanyin safiya. Maganin gaskiya a canja ringi.

Ka riƙe wannan. Kowace safiya, kafin ka tashe ta, a wuri mai daidai, ka zaro sandar, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ko jiya ka cika, ka duba. Idan ka canja irin mai, ka ninka lura. Idan yana sauka kuma ƙasa a bushe, ka sa yatsa a salansa bayan ta huce, ka sa a kwance fulogi a duba ko ya jiƙe. Ka sa wani ya tsaya a bayanka ka taka, ya gaya maka launin abin da ya gani. Idan kuma ka ji ƙarar nan ta guduma, ka kashe nan take, ko wa ka ɗauko, domin motar da ka kashe da hannunka tana iya sake tashi.

Na koma kasuwar Kunci neman mai farar riga, ba don rigima ba, don in san me ya sayar mini. Masu jakuna da ke wurin kullum suka ce ba su taɓa ganin mai sayar da mai a nan ba. Sallau ya ce a shekarun nan irinsu suna da yawa, su zo kasuwa ɗaya su wuce. Na yarda da maganarsa. Ban dai sake bi ta gefen nan na kasuwa ba.

Ranar Juma'a na miƙe a ƙofar masallaci, a daidai inda na yi maganar farko, na faɗi gaskiyar abin da ya faru. Sannan na je na durƙusa a gaban Goggo Hajara. Ta tashi ta shiga rumfar niƙa ta fito da wani gwangwani an toshe bakinsa da tsumma. Ta ce Tanimu tsohon man juye yake saya a wurin masu manyan motoci, ya tace da ƙyalle, da shi yake tafiyar da injinsa. Wannan kuwa sabo ne, mai kauri, ya samo shi da ƙyar. Ta ce, "Ya ce idan ka huce a ba ka."

Ban gyara motar ba, na sayar da ita a yadda take, na koma gona. Gonarsa ma ni na noma har 'ya'yansa suka tasa. An sayar da injin niƙan tun a shekarar, rumfar ma ta rushe. Amma akwai ranaku da bazara, da rana tsaka, idan gari ya yi tsit, da nake jin bugunsa ta bayan danga. Na daɗe ina cewa kunnena ne. Wata rana Innarka tana tsince wake a tsakar gida, sai na ga ta tsaya, ta ɗago ta dube ni. Muka saurari bugun tare har ya yi shiru, ta ci gaba da aikinta.

Ban hana ka tuƙi ba, sana'a ce ta halal, kuma ka fi ni natsuwa. Ka yi wa Kawunka biyayya, ka riƙe salla a kan lokaci, ka yi bisimilla kafin ka murɗa makulli. Idan ka idar da salla kana yi mana addu'a, ka sa da Malam Tanimu, ko da ba ka san fuskarsa ba.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya, kai da duk wanda ya ba ka amanar ransa. Allah Ya haɗa ka da maƙwabci na gari, Ya ba ka kunnen da za ka saurare shi tun yana tsaye da ƙafafunsa. Allah Ya yi maka albarka. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna